Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Yahudawa Suke Makokin Uwa da Tunawa da Kaka

Tambayoyin nan suna fitowa ne daga ɓangare biyu: masu karatu ko aiki a Amurka, Ingila da Faransa waɗanda mahaifiyar maƙwabci ko abokin aikinsu Bayahude ta rasu, da kuma 'ya'ya da jikokin da ba su tashi cikin kula da dokokin addini sosai ba, ga shi kuma marigayiyar mai riƙo da addini ce, suna so su yi mata abin da ya dace. Yahudawa ba al'ada ɗaya suke bi ba. Akwai Ashkenazi, masu asali daga Jamus, Folan da Rasha, akwai Sefardi, masu asali daga Sifaniya, Maroko da Turkiyya, waɗanda Yahudawan Iraki ma suke bin tsarinsu a abubuwa da yawa. Ta fuskar riƙo kuma akwai Otodoks masu tsanantawa, da Konsabatib, da Rifom masu sassautawa.

Wane ne makoki ya wajaba a kansa?

Dangi bakwai ne dokar ta ɗora wa: uba, uwa, ɗa, 'ya, ɗan'uwa, 'yar'uwa, da miji ko mata. Idan tsohuwa ta rasu, 'ya'yanta ne da mijinta da 'yan'uwanta na jini suke zama. Jika, komai shaƙuwarsa da ita, ba ya ciki, haka surukai. Wannan yana yi wa jikoki da yawa ciwo, musamman waɗanda a hannunta suka tashi, amma suna da nasu rabon, kamar yadda amsar da ke kan jikoki ta bayyana a ƙasa. Cikin bakwai ɗin kuma 'ya'ya ne masu nauyi mafi tsawo: sauran suna gamawa a kwana 30, su kuwa sai wata 12.

Me ake yi tsakanin fitar rai da binnewa?

Wanda ya ji labari yakan ce "Baruk dayan ha'emet", ma'ana albarka ta tabbata ga Alƙali na gaskiya. Ba a barin gawa ita kaɗai. Ana samun masu zama kusa da ita suna karanta Zabura har a kai ta makwancinta. Ana gaggauta binnewa, a ranar ko washegari, sai dai ba a yi ran Asabar, ranar hutunsu ta addini, kuma ana iya jinkirtawa kaɗan don 'ya'yan da ke nesa su iso.

Wanka aikin ƙungiyar jana'iza ne da ake kira hebra kadisha, kuma mata ne suke yi wa mace. Bayan an tsabtace jiki ana kwarara ruwa fiye da lita 20 kaɗan, yawanci a bokiti uku, ana fara zuba na biyu kafin na farko ya ƙare don kada ruwan ya yanke. Likkafanin fari ne, na lilin ko auduga, ba aljihu, ba ado, iri ɗaya ga mai kuɗi da talaka. Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa na dā, ya danganta wannan ga wani babban malami, Rabban Gamliyel, wanda ya ga tsadar jana'iza tana sa matalauta su gudu su bar gawarsu, sai ya yi wasiyya a binne shi da likkafani mara tsada. A Amurka da Turai ana sa gawa a akwatin katako wanda ba ƙusar ƙarfe a jikinsa. A Isra'ila galibi ba akwati, likkafani kawai. A bakin kabari dangi da abokai suna zuba ƙasa da kansu, kuma ba a miƙa wa na gaba shebur hannu da hannu. Ana soke shi cikin tulin ƙasa ya ɗauka da kansa.

Me ya sa 'ya'yanta suke yaga riga?

Ana kiran wannan keriya. Ana yi a tsaye, yawanci dab da fara jana'iza. Don uwa ko uba a gefen hagu ake yagawa, saitin zuciya. Don sauran dangi a dama. Wani yakan ɗan tsaga bakin rigar da wuƙa ko almakashi, mai makokin ya ƙarasa da hannunsa. Mace takan maƙale wurin da fil don sutura. Rigar ce za a sa har kwana bakwai su cika, kuma ɗa ko 'ya da ya canja riga cikin kwanakin sai ya yaga sabuwar ma, in ba ta ran Asabar ba. Yagar da aka yi don iyaye ba a yi mata ɗinkin da zai ɓatar da alamarta har abada. Shi ya sa wanda ya san al'adar ba ya zuwa jana'izar mahaifiyarsa da kwat mai tsada. A majami'un Rifom da Konsabatib da yawa baƙin ƙyalle ake maƙalawa a ƙirji a yaga shi a madadin riga.

Me ake faɗa a jawabin yabonta?

Jawabin, wato hesfed, yana da tushe a Littafin Farawa sura 23, inda Ibrahim ya zo ya yi makokin Saratu ya yi kuka dominta. Manufarsa biyu ce: a faɗi halayenta na gaskiya, a kuma sa masu sauraro su ji girman rashin. Kundin dokoki na Shulhan Aruk, wanda Yosef Karo ya rubuta aka buga a Banis a 1565, ya yarda a ɗan ƙara gishiri kaɗan, amma ya hana jingina wa mamaci halin da ba shi da shi sam.

Inda masu jawabi suke tuntuɓe shi ne jera kalmomin da za su dace da kowace tsohuwa a duniya: mai kirki, mai haƙuri, mai son 'ya'yanta. Wanda ya ce duk ranar Juma'a da hantsi takan kwaɓa burodin Asabar da ake kira halla har da na maƙwabciyar da mijinta ya rasu, ko ya ce ita ce mai buga waya ta tara mata idan za a kai wa mai jego abinci, ya fi taɓa zuciya nesa ba kusa ba. Minti biyar zuwa bakwai sun ishi mutum ɗaya. A rubuta shi a takarda da manyan haruffa, a kuma ba wani kwafi ya tsaya kusa, don murya takan ƙi fita a tsakiyar magana. A lura kuma akwai ranakun da ba a yin cikakken hesfed: ranar sabon wata, dukan watan Nisan na kalandarsu, kwanakin bukukuwan Hanuka da Furim, da tsakiyar kwanakin idi. A irinsu akan taƙaita, a ɗage cikakken jawabin zuwa taron kwana 30.

Wane nassi aka fi karanta wa uwa?

Ayoyi 22 na ƙarshen Littafin Karin Magana, sura 31 daga aya 10 zuwa 31, waɗanda ake kira Eshet Hayil, wato mace jaruma. Kowace aya tana farawa da harafi ɗaya na baƙaƙen Ibrananci bi da bi. Iyalin sun saba jin su, domin a gidaje masu riƙo da addini ana rera wa uwargida su kowace ranar Juma'a da dare, shigowar Asabar, kafin cin abinci. Matar da ke cikin ayoyin tana sayen gona, tana saƙa, tana sayarwa ga fatake, tana miƙa hannu ga matalauta. Ana haɗawa da Zabura 23, sannan addu'ar El Male Rahamim a wajen Ashkenazi, ko Hashkaba a wajen Sefardi, wadda a cikinta ake ambaton sunanta na Ibrananci.

Yaya zaman shiba yake?

Shiba ma'anarsa bakwai. Ana dawowa daga maƙabarta a tarar da tulun ruwa a ƙofar gida, kowa ya wanke hannu kafin ya shiga. Abincin farko ba daga tukunyar masu makoki yake fitowa ba; maƙwabta ne suke kawowa, yawanci burodi da dafaffen ƙwai, wasu da wake irin na lentil. Ana kunna doguwar kyandir mai ci kwana bakwai, a rufe madubai. Masu makoki suna zama a ƙananan kujeru, ƙasa da santimita 30 ko kusa da haka. Ba sa zuwa aiki, ba sa sa takalmin fata, ba aski, ba kwalliya, ba wankan jin daɗi, ba saduwar aure. Har karatun Attaura an hana, don ana ɗaukarsa abin faranta rai, sai sassa masu ban tausayi irin su Ayuba da Littafin Makoki.

An fi so a zauna a gidan marigayiyar. Jama'a sukan zo safe da yamma a yi addu'a a nan, saboda 'ya'yanta su samu faɗin Kadish, addu'ar masu makoki, ba tare da sun fita ba.

Yaya ake ƙidaya kwana bakwai, kuma idan Asabar ko idi ya faɗo fa?

Daga ranar binnewa ake fara ƙirga, ba ranar rasuwa ba, kuma guntun yini ana lissafa shi yini guda. Wadda aka binne ranar Litinin da rana, Litinin ce ta ɗaya, ana tashi ranar Lahadi da safe bayan addu'a. Asabar tana cikin lissafi amma ba a nuna makoki a fili: a cire yagaggiyar riga, a sa takalmi, a je majami'a.

Idi kuwa ya fi rikitarwa. Idan an fara zama, ko da na ɗan lokaci kaɗan ne, sai Idin Ƙetarewa, Idin Makonni, Idin Bukkoki, Sabuwar Shekara ko Ranar Kafara ta shigo, sauran kwanakin shiba sun faɗi. Idan kuma a tsakiyar idi aka binne, sai idin ya wuce a fara. Idi yana rage kwana 30 ɗin ma ta wani lissafi da ya bambanta daga idi zuwa idi, kuma nan gara a tambayi rabbi, malamin majami'a, da a yi ƙiyasi. Wata 12 na iyaye babu idin da yake yanke su.

Ni ba Bayahude ba ne. Zan iya zuwa ta'aziyya? Me zan kai, me zan ce?

Ka je, ana maraba. Ƙofa yawanci a buɗe take, ba sai ka danna ƙararrawa ba. Ka shiga ka zauna, kada ka yi doguwar gaisuwa irin tamu, domin ba a gaishe da mai makoki, kuma al'ada ita ce a jira shi ya fara magana, kamar yadda abokan Ayuba suka zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Idan ya buɗe baki, ka tambaye shi game da ita. Idan kana da wani abin da ka taɓa gani na alherinta, wannan ne wurin faɗa. Minti 20 zuwa 30 ya wadatar.

Furanni ba al'adarsu ba ne. Abinci ya fi, amma idan gidan masu kiyaye dokar abincinsu ta kosha ne, girkin gidanka ba zai ciwu ba, ko da na halal ne. Ka sayi abin da ke rufe da tambarin kosha, ko 'ya'yan itatuwa da ba a yanka ba. Sadaka da sunanta ga wurin da iyalin suka ambata ma abin so ne. Da za a tafi, Ashkenazi sukan ce Allah ya ba ku haƙuri tare da sauran masu makokin Sihiyona da Urushalima, Sefardi su ce daga sama a sanyaya muku zuciya, Yahudawan Ingila kuwa sukan yi wa mai makoki fatan tsawon rai. Kai dai "Allah ya ba da haƙuri" cikin harshen da kuke magana ya isa.

Bayan kwana bakwai sai me?

Ana komawa aiki, amma har kwana 30, wato sheloshim, ba aski, ba zuwa biki, ba sauraron kiɗa. Kwana 30 ne Bani Isra'ila suka yi suna makokin Musa. A nan miji da 'yan'uwa suke gamawa. 'Ya'ya suna ci gaba har wata 12 ba sa halartar shagalin biki ko sa sabon kaya, aski kuma sai abokai sun fara yi wa mutum tsiya cewa gashinsa ya yi yawa. Idan auren dangi na kusa ya taso cikin shekarar, akwai hanyoyin sassauci, misali a tsaya wajen ɗaurin aure a fita kafin kiɗa.

Mene ne Kadish, kuma me ya sa wata 11?

Addu'a ce da harshen Aramaik, ta girmama sunan Allah da roƙon salama, babu ambaton mutuwa a cikinta ko sau ɗaya. Ba a faɗinta sai cikin jama'ar mutum goma baligai, wato minyan, kuma ana yi a addu'o'in yini uku: safe, la'asar da dare. Wannan yana tilasta wa mai makoki fita cikin mutane kullum, ko yana so ko ba ya so, kuma matafiyi sai ya nemi majami'a a kowane garin da zai sauka tun kafin ya tashi.

Dalilin wata 11 shi ne an ce hukuncin mugaye a lahira wata 12 ne, don haka ɗa ba zai cika sha biyu ba, kada ya zama kamar ya sa mahaifiyarsa cikinsu. Sefardi da yawa sukan dakata mako guda a farkon wata na 12 sannan su ci gaba. Kada a haɗa lissafin biyu: Kadish ya tsaya a wata 11, hanin biki da kiɗa yana nan har 12.

'Ya mace za ta iya faɗin Kadish?

A majami'un Rifom ba tambaya ba ce, kuma Konsabatib sun yarda a ƙirga mata cikin minyan tun 1973. A wajen Otodoks mace ba ta shiga goman, amma majami'u da yawa a yau suna barin 'ya ta faɗa daga ɓangaren mata, wasu kuwa har yanzu ba sa yarda, sai su ce suruki ko jika ya ɗauka, ko a biya wani ɗalibi. Ana yawan tuna Henrietta Szold, wadda ta kafa ƙungiyar mata ta Hadassah a 1912. Da mahaifiyarta ta rasu a 1916, ga su 'ya'ya mata ne zalla, wani aminin gidan ya yi tayin faɗin Kadish a madadinsu, ta gode masa ta ce ita za ta yi da kanta. Wadda take so ta yi, ta fara magana da rabbin wurin kafin ranar, don kada a yi ka-ce-na-ce a tsakiyar addu'a.

Yaya ake gane ranar tunawa ta shekara?

Ashkenazi suna ce mata yarzait, Sefardi su ce nahala ko meldado. Da kalandar Ibrananci ake lissafi, kuma daga ranar rasuwa, saɓanin shiba da aka ce daga binnewa. Kalandar tana bin wata kamar ta Hijira, sai dai cikin kowace shekara 19 ana ƙara wata guda sau bakwai, don haka ranar tana ja baya da kusan kwana 11 a kalandar Miladiyya sannan ta dawo, ba ta zagaye shekara. Ana kunna kyandir mai cin awa 24 da faɗuwar ranar jajibiri, a bar shi ya mutu da kansa. Idan ranar ta faɗo Asabar, a kunna shi kafin kyandiran da ake kunnawa ran Juma'a da yamma don shigowar Asabar. Ana faɗin Kadish, a ba da sadaka, mai iko ya ziyarci kabari.

Kurakuran lissafi sanannu ne. Yini yana farawa daga faɗuwar rana, don haka wadda ta rasu ranar Talata da ƙarfe tara na dare, ranar Laraba ce tata. Takardar asibiti ba za ta nuna wannan ba, kuma mai shigar da kwanan wata a manhajar lissafi bai faɗi sa'ar ba zai yi ta kuskuren kwana ɗaya shekara da shekaru. Sai watan Adar, wanda yake zama biyu a shekara mai ƙari: wadda ta rasu a Adar na shekara ta yau da kullum, Ashkenazi galibi suna tunawa da ita a Adar na farko, Sefardi a na biyu, wasu su yi duka. Watannin Heshban da Kislev kuma wani lokaci 29 ne wani lokaci 30, don haka wadda ta rasu ran 30 ga ɗayansu tana bukatar a tsayar mata da ƙa'ida tun shekarar farko.

Mene ne Yizkor?

Addu'ar tunawa ce ta jama'a a majami'un Ashkenazi, sau huɗu a shekara: Ranar Kafara, ranar Shemini Atzeret da ke rufe Idin Bukkoki, ranar ƙarshe ta Idin Ƙetarewa, da ranar ƙarshe ta Idin Makonni. Kowa yana ambaton sunan nasa a hankali ya yi alkawarin sadaka, wadda ake biya bayan idi tunda ba a taɓa kuɗi a ranar. Masu iyaye biyu a raye sukan fita waje har a gama.

Yaushe ake kafa dutsen kabari, kuma me ake rubutawa?

Yakubu ya kafa wa Rahila al'amudi a kabarinta, daga nan al'adar ta samo tushe. A Isra'ila a kwana 30 ake yi, a Amurka da Ingila yawanci cikin shekarar farko ko dab da cikarta, a ɗan taro inda ake yaye ƙyalle daga kan dutsen. A sama akwai haruffa biyu, fe da nun, ma'ana "a nan aka binne". Sai sunanta na Ibrananci da na mahaifinta, da ranar rasuwa. A ƙasa haruffa biyar, taƙaitawar maganar Abigel ga Dawuda a 1 Sama'ila 25:29, cewa ranta ya kasance a ɗaure cikin damin rai. Kabarin mace an fi zana masa alkukin kyandir.

Shekara ana rubuta ta da haruffa, ana barin dubban. Don a mayar da ita Miladiyya sai a ƙara 1240: shekara 785, wato 5785, ta zama 2025, sai dai a rage ɗaya idan rasuwar ta faɗo tsakanin Sabuwar Shekararsu da ƙarshen Disamba. Kafin mai sassaƙa ya taɓa dutse, a ba wanda ya iya Ibrananci ya duba zanen, domin haruffa irin su dalet da resh suna kama da juna, kuma kwamfutar da ba a saita ba takan juya rubutun daga hagu. Mai ziyara yana ɗora ƙaramin dutse a kai, alamar an zo.

Jikoki fa, me za su yi mata?

A lokacin shiba su ne masu hidima: buɗe ƙofa, jera kujeru, cika minyan. Bayan haka akwai karatu da sunanta. Ana raba surorin Mishna, tsohon kundin dokokin addininsu, tsakanin dangi a gama kafin kwana 30 ko cikar shekara, ko a karanta Zabura 119, mai ayoyi 176, takwas ga kowane harafi, a zaɓi sassan da suka yi daidai da haruffan sunanta. Sadaka kuma an saba ba da ita a ninkin 18, kamar 36 ko 180, don haruffan kalmar "rai" a Ibrananci jimlarsu 18 ce.

Babbar kyauta dai takwara ce. Ashkenazi ba sa sa wa jariri sunan wanda ke raye, don haka 'ya macen farko da aka haifa bayan rasuwar ita ce mai ɗaukar sunan. A Amurka akan ba ta sunan Ibranancin yadda yake, na yau da kullum kuma a zaɓi mai farawa da harafi ɗaya. Sefardi akasin haka suke, kaka tana raye ake yi mata takwara, ta riƙe ta a hannu.

Yaya ake adana labarinta da kayanta?

Alkukan Asabar su ne abin da ake fi ja a kai, don su ne ta kunna kowace Juma'a minti 18 kafin faɗuwar rana, a wasu gidajen ma da ƙarin kyandir ɗaya ga kowane ɗan da ta haifa. Yawanci 'ya ko jika mace ke ɗauka, kuma idan ba ta bar wasiyya ba, gara a bar rabon sai bayan kwana 30. Girke-girkenta, ko colent ne na Ashkenazi, ko dafina ta Maroko, ko tebit na Iraki, matsalarsu ɗaya: da ido da tafin hannu take awo. A nemo wanda ya taɓa tsayawa kusa da ita a kicin, a dafa tare, a auna kowane abu da sikeli kafin ya shiga tukunya. Hotuna a rubuta sunaye a bayansu tun 'yan'uwanta suna raye. A duba takardar aurenta, wato ketuba, domin a nan ake samun sunanta na Ibrananci da na mahaifinta idan an manta, kuma ana bukatarsu don dutsen kabari da Yizkor. Wasu iyaye sukan bar wasiyyar tarbiyya a rubuce, tsohuwar al'ada ce. Glikel ta Hameln, 'yar kasuwa haifaffiyar Hamburg, ta fara rubuta wa 'ya'yanta tarihin rayuwarta da harshen Yidish a 1691, bayan rasuwar mijinta.

Idan ba a san ranar rasuwarta ba, ko ba ta da kabari?

Wannan ya shafi iyalai da yawa da kakanninsu suka halaka a kisan ƙare dangi na 'yan Nazi. Majalisar manyan rabbi ta Isra'ila ta tsayar da 10 ga watan Tebet, wanda ke faɗowa a Disamba ko farkon Janairu, ranar Kadish ga duk wanda ba a san ranar mutuwarsa ba. Iyali suna iya zaɓar wata rana su riƙe ta kowace shekara, misali ranar da aka kwashe mutanen garinsu. Akan ƙara sunanta a ƙasan dutsen kabarin ɗanta ko 'yarta, a sa mata allon tunawa mai ƙaramin ƙwan lantarki a bangon majami'a, a kuma cika takardar shaida a cibiyar Yad Vashem da ke Urushalima, wadda aka kafa a 1953, inda ake rubuta sunanta, garinta, sana'arta da sunayen iyayenta.